Tashar Jiragen Ruwan Yawon Shaƙatawa ta Kai Tak

Tashar Jiragen Ruwan Yawon Shaƙatawa ta Kai Tak tasha ce ta manyan jiragen ruwa masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, wadda take a yankin Kowloon na Hong Kong, a kudancin ƙasar Sin. An gina ta ne a can ƙarshen titin da jiragen sama suke sauka da tashi a tsohon filin jirgin Kai Tak, titin da ya miƙe cikin mashigin ruwan Victoria kamar yatsa. Kamfanin zanen gine-gine na Birtaniya mai suna Foster + Partners ne ya zana ta, gwamnatin Hong Kong ta biya kuɗin aikin, aka buɗe ta ranar 12 ga watan Yuni na shekarar 2013. Manyan jirage biyu suna iya tsayawa a cikinta a lokaci guda.

An san tashar da abubuwa biyu da suka sha bamban. Na farko shi ne kyan gininta da lambun da ke kan rufinta. Na biyu kuwa shi ne wahalar da fasinjoji suka sha fama da ita wajen samun abin hawa zuwa cikin gari bayan sun sauka. Saboda haka ake yawan kawo ta misali idan ana maganar abin da ke sa a kira tashar irin waɗannan jirage mai inganci.

Suna da wuri

Sunan ya samo asali ne daga mutum biyu, Ho Kai da Au Tak, waɗanda a farkon ƙarni na 20 suka kafa kamfanin cike bakin teku da ƙasa a gaɓar Kowloon don gina gidaje. A al'adar Sinawa sunan dangi ne ke zuwa farko, wato Ho da Au su ne sunayen dangi, Kai da Tak kuma sunayen yanka ne, su aka haɗa suka zama sunan wurin. Harkar gidajen ba ta yi nasara ba, filin ya koma hannun gwamnati, ya zama filin jirgin sama tun daga shekarun 1920.

Filin ya yi suna a duniya saboda wuyar sauka a cikinsa: matuƙi yakan bi ta saman gidajen jama'a ƙasa-ƙasa, ya karya kwana mai tsanani zuwa dama, sannan ya daidaita da titin. An rufe shi a watan Yuli na 1998 lokacin da aka koma sabon filin Chek Lap Kok. Titin da aka bari yana da tsawon mita 3,390, kuma ruwa ya kewaye shi ta ɓangare uku. Ga jirgin ruwa wannan alheri ne, domin akwai doguwar gaɓa miƙaƙƙiya a tsakiyar birni. Ga mutumin da ya sauka da akwatuna kuwa, ma'anarsa ita ce yana ƙarshen wata doguwar hanya wadda ba ta ɓullewa ko'ina.

Dalilin gina ta

Tun shekarar 1966 Hong Kong take da tashar Ocean Terminal a unguwar Tsim Sha Tsui. Wannan tsohuwar tasha a tsakiyar kasuwa take, haɗe da rukunin shagunan Harbour City, fasinja yana sauka ya tsinci kansa cikin shaguna da otal-otal, ga tashar jirgin ƙasa da ta kwale-kwalen fito a kusa. Matsalarta girma ce. Jiragen da aka riƙa ƙerawa daga ƙarshen shekarun 1990 sun fi ƙarfinta. Lokacin da jirgin Queen Mary 2 ya ziyarci Hong Kong a 2007, dole ta sa ya tsaya a tashar kwantenoni ta Kwai Chung, baƙin da suka biya maƙudan kuɗi suka sauka a tsakanin kayan dako. Birnin da ke alfahari da tashar ruwansa bai ji daɗin wannan ba.

Da farko gwamnati ta so 'yan kasuwa su gina sabuwar tasha da kuɗinsu, ta nemi masu sha'awa a 2007. Tayin da aka samu bai cika sharuɗɗan da aka gindaya ba, don haka a 2008 ta yanke shawarar ɗaukar nauyin aikin da kanta, ta ba wani kamfani hayar gudanarwa. Kamfanin Dragages Hong Kong ne ya yi ginin. Aikin ya ci fiye da dala biliyan 6 na kuɗin Hong Kong. Gudanar da tashar ya faɗa hannun Worldwide Cruise Terminals, haɗin gwiwar da kamfanin jiragen Royal Caribbean yake ciki. Jirgin wannan kamfani mai suna Mariner of the Seas shi ne ya fara tsayawa a ranar buɗewa, sannan aka buɗe matsaya ta biyu a 2014.

Ginin

Ginin hawa uku ne, tsawonsa kimanin mita 850, yana kwance daura da gaɓar da jirage ke jingina. An yashe ƙarƙashin ruwan wurin domin ya ɗauki jirgi mai girman tan 220,000, wato ajin jirage mafi girma da ake da su lokacin da aka tsara aikin. Wannan tan ba nauyi yake nufi ba, ma'auni ne na faɗin cikin jirgi. An tsara ɓangaren kwastam da na shige da fice yadda za su iya sallamar fasinja 3,000 a awa ɗaya.

A ciki akwai manyan zauruka marasa yawan ginshiƙai, da tagogin da ke shigo da hasken rana, kuma an yi su ne yadda za a iya mayar da su wurin baje koli ko taro a ranakun da babu jirgi. Ana shiga jirgi ta gadoji masu rufi waɗanda ake matsarwa su dace da ƙofar kowane jirgi. Sanyin ginin yana zuwa ne daga tsarin sanyaya unguwar Kai Tak baki ɗaya, wanda ke amfani da ruwan teku. A kan rufi akwai lambu mai faɗin murabba'in mita 23,000, buɗe ga kowa, inda ake hango tsibirin Hong Kong da dogayen benayensa. Mazauna birnin da ba su taɓa hawa jirgin ba sukan je can shan iska da ɗaukar hoto. Dabarar mayar da rufin tasha wurin shaƙatawar jama'a ba a nan aka fara ta ba, tashar Osanbashi ta Yokohama a Japan ta yi haka tun 2002.

Makonni kaɗan kafin buɗewa, ruwan sama mai ƙarfi ya nuna cewa ginin yana yoyo, abin da jaridun birnin suka yi ta yayatawa.

Abin da fasinja ke nema

Domin a gane ƙorafin da ake yi game da Kai Tak, sai an san yadda irin wannan tasha take aiki. Jirgin yawon shaƙatawa yana zuwa tasha ne ta ɗayan hanya biyu. Akwai tashar da yake yada zango kawai: ya iso da safe, fasinjoji su fita yawo da 'yar jakar hannu, su dawo kafin yamma ya wuce gaba. Akwai kuma tashar gida, inda tafiya take farawa kuma take ƙarewa. A nan ne aiki yake. A rana ɗaya duk waɗanda ke cikin jirgin za su sauka da kayansu da safe, a gyara ɗakuna, a loda abinci da ruwan sha da mai, a kwashe shara, sannan wasu dubban su hau kafin jirgin ya tashi da yamma. Kai Tak tana yin aikin biyu duka.

Bambancinta da filin jirgin sama shi ne yadda jama'a ke zuwa. A filin jirgi mutane suna shigowa kaɗan-kaɗan daga asuba har dare. A tashar jirgin ruwa wurin yana iya zama fayau na kwana biyu ko uku, a rana ta huɗu mutum dubu huɗu su ɓarko cikin 'yan awoyi. Idan jirage biyu suka haɗu, adadin ya ninka. Duk wani abu da aka tanada, daga teburin duba fasfo har zuwa banɗaki, dole a auna shi da wannan awa ta cunkoso, alhali mafi yawan lokaci yana zaune ba mai amfani da shi.

Mai hawa jirgi yana bin matakai sanannu. Yana miƙa manyan akwatunansa a bakin ƙofa, an liƙa musu takarda mai lambar ɗakinsa, ba zai sake ganinsu ba sai a cikin jirgi. Daga nan a binciki jikinsa da jakarsa, domin tun 2004 dokokin tsaro na ƙasa da ƙasa suka wajabta wa tashoshin da ke karɓar jiragen ƙetare su tsare shiga da fita. Sai a duba tikiti da fasfo, a ba shi katin da zai zama makullin ɗakinsa da kuma abin biyan kuɗinsa a cikin jirgi, ya wuce jami'an shige da fice, ya bi gada ya shiga. Kamfanoni da yawa yanzu suna ba kowa lokacin zuwansa ta manhajar waya domin kada a taru lokaci guda. Abin da yake so a duk wannan bai wuce layi mai tafiya ba, da wurin zama idan an ce a jira, da inuwa ko sanyi, da banɗaki mai tsabta, da alamun da ke nuna hanya cikin harshen da yake ganewa. A Hong Kong alamu suna zuwa da Sinanci da Turanci, amma ko a nan akwai abin lura, domin mutanen birnin Kantonanci suke yi, baƙi daga babban yankin Sin kuma mafi yawansu Mandarin suke ji, ga fasinjojin Turai da Amurka a gefe.

Kaso mai yawa na masu irin wannan tafiya dattawa ne, wasu da sanda, wasu a keken guragu, ga iyalai masu ƙananan yara. A wurinsu nisan tafiyar ƙafa a cikin gini babban abu ne. Ginin da ya kusa kilomita ɗaya yana da kyau a hoto, amma tsohuwar da ke jan akwati ba da ido take auna shi ba. Haka kuma yanayi: bazarar Hong Kong tana da zafi da gumi da ruwan sama mai yawa, don haka ko layin minti ashirin a waje yana isar mutum.

Sauka ta fi hawa wuya. Mai hawa yana cikin murna, yana iya haƙuri. Mai sauka hutunsa ya ƙare, wataƙila yana da jirgin sama ko jirgin ƙasa da zai kama, dole ya nemo akwatinsa cikin dubbai da aka jera a zaure, ya wuce kwastam, ya fito. Wanda ya zo yada zango kuma awoyinsa ƙidayayyu ne. Duk awar da ya ɓata a layin mota an cire ta ne daga yawon da ya biya kuɗi dominsa, an kuma cire ta daga cinikin da 'yan kasuwar gari suke jira.

Matsalar sufuri

A cikin gini Kai Tak tana sallamar mutane da sauri. Ƙofar fita ce ta zama maƙogwaro. Tun zuwan jirgi na farko a 2013 aka ga dogon layin masu jiran tasi. Lissafin ba shi da wuya: idan tasha ta fitar da mutum 3,000 a awa ɗaya, aka ce rabinsu kawai suke son tasi, kowace mota ta ɗauki mutum uku da kayansu, ana buƙatar mota 500 cikin wannan awar, wato fiye da takwas a kowane minti. Direban tasi kuwa ba shi da dalilin shiga can sai ya tabbatar akwai fasinja, domin zai tafi ne babu kowa a motarsa har ƙarshen titin da ba ya wucewa ko'ina. A Tsim Sha Tsui motoci suna wucewa da kansu dare da rana. A Kai Tak sai an kira su.

Hong Kong tana cikin biranen da suka fi dogara da jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ake kira MTR, amma layinsa bai kai tashar ba. An buɗe tashar jirgin ƙasa mai suna Kai Tak a watan Fabrairu na 2020, sai dai tana can ɗaya gefen tsohon filin jirgin, kimanin kilomita uku daga inda jiragen ruwa ke tsayawa. Baƙon da ya ga sunan a taswira yana iya zaton da ƙafa zai ƙarasa. Tsarin farko na unguwar ya ƙunshi jirgi mai tafiya a kan dogo ɗaya a sama, wanda zai haɗa titin da unguwannin Kowloon Bay da Kwun Tong. An shafe shekaru ana nazari, a 2020 gwamnati ta jingine shi saboda tsada da wahalar ginawa a tsakanin gidaje. Kwun Tong kuwa ana hango ta daga tashar, siririn ruwa ne kawai ya raba su, amma a mota sai an yi zagaye.

Abin ya fi fitowa fili a watan Agusta na 2023, lokacin da jirgin Spectrum of the Seas, mai ɗaukar fasinja fiye da dubu huɗu, ya dawo Hong Kong bayan annobar korona. Hotunan baƙi tsaye da akwatuna suna jiran abin hawa sun bazu a kafofin watsa labarai, a daidai lokacin da gwamnati take kashe kuɗi wajen kiran 'yan yawon buɗe ido su dawo. Cikin 'yan kwanaki hukumomi suka ƙaro motocin bas, wasu na kyauta zuwa tashoshin jirgin ƙasa, wasu zuwa wuraren da baƙi suka fi nufa, aka kuma riƙa ba direbobin tasi takardar shan iskar gas ta dala 50 idan suka shigo ɗaukar fasinja. Layin ya ragu a zuwan jiragen da suka biyo baya. Wannan ya nuna cewa ba duka matsalar ce take buƙatar sabon dogo ba. Wani ɓangarenta na shiri ne kawai: a san jirgin da ke tafe, a san yawan mutanen ciki da inda suka nufa, a sanar da kamfanonin bas da ƙungiyoyin direbobi tun da wuri. An san ranar zuwan kowane jirgi watanni kafin ya iso, don haka da wuya a ce cunkoson ya zo ba zato.

Masu kare tsarin suna da tasu hujja. Layin dogo ko bas na kullum yana buƙatar fasinja na kullum, kuma shekaru da yawa babu kowa a kan titin sai tashar ita kaɗai, domin gidajen da aka tsara ginawa a wurin sun yi jinkiri. Masu suka kuma suna cewa wannan shi ne ainihin kuskuren, an gama tasha tun kafin a gama unguwar da za ta riƙe ta.

A wasu birane an kauce wa wannan ta hanyar zaɓen wuri. Tashar Canada Place ta Vancouver a Kanada tana tsakiyar gari, 'yar tafiya kaɗan daga tashar jirgin ƙasa. A Singafo, tashar Marina Bay da aka buɗe a 2012 ita ma a gefen gari take, amma a 2014 aka kai layin jirgin ƙasa kusa da ita.

Shaguna da binciken 2017

An ware wani sashe na ginin don shaguna da gidajen abinci, da fatan za su jawo jama'a ko babu jirgi. Hakan bai samu yadda aka so ba. Rahoton hukumar binciken kuɗin gwamnati na 2017 ya nuna cewa kwanakin da jirage suke tsayawa a tashar ba su da yawa, kuma wajen rabin wurin kasuwancin ba ya aiki. Dalilin a bayyane yake. Mai sauka sauri yake ya fita, mai hawa kuma ya san abinci yana jiransa a cikin jirgi, an riga an haɗa shi cikin kuɗin tikiti. Ɗan gari kuwa ba zai yi doguwar tafiya zuwa shagon da yake da irinsa a ƙofar gidansa ba. 'Yan majalisar dokokin birnin sun sha tambayar ko kuɗin da aka zuba ya biya.

Akwai kuma gasa. Shanghai ta buɗe tashar Wusongkou, Shenzhen ta buɗe tata a Shekou a 2016, Guangzhou ma ta bi baya a Nansha. Mutanen kudancin Sin da ake sa ran za su riƙa zuwa Hong Kong hawa jirgi sun samu tashoshi a kusa da gida.

Lokacin korona

A farkon Fabrairu na 2020 aka killace jirgin World Dream a tashar, da mutum kimanin 3,600 a ciki, fasinjoji da ma'aikata, bayan an gano cewa wasu da suka hau shi a wata tafiya ta baya suna ɗauke da cutar. An sallame su bayan 'yan kwanaki, da gwajin ma'aikatan ya nuna babu mai ita. A 2021 aka yarda da tafiye-tafiyen da jirgi ke fita teku ya dawo ba tare da ya tsaya a wata ƙasa ba. A 2022 aka gina wuraren killace marasa lafiya a filin da ke kusa da tashar. Nisanta da jama'a, wanda ake kuka da shi, a wannan karon ya yi amfani.

Hayaƙi

Jirgin da ke tsaye ba ya kashe injinansa duka, domin yana buƙatar wuta don ɗakuna da kicin da na'urorin sanyi, kuma hayaƙin yana sauka ne a kan unguwannin da ke kewaye. Wasu tashoshi suna ba jirgi wutar lantarki daga tudu domin ya kashe inji. An buɗe Kai Tak ba tare da wannan na'ura ba. Matakin da Hong Kong ta ɗauka shi ne dokar da ta fara aiki a watan Yuli na 2015, wadda ta tilasta wa manyan jiragen teku su koma amfani da mai mai ƙarancin sinadarin sulfa muddin suna tsaye a gaɓa.

Halin da ake ciki

Unguwar ta fara cika. An gina dogayen gidaje a kan tsohon titin, kuma a watan Maris na 2025 aka buɗe rukunin wasanni na Kai Tak mai filin da ke ɗaukar 'yan kallo 50,000. Mazauna waɗannan gidaje yanzu suna bin hanya ɗaya da fasinjojin jirgi, abin da ya ƙara yawan masu neman a kawo abin hawa na dindindin. A jawabin manufofinsa na 2023, shugaban gwamnatin Hong Kong John Lee ya sanar da shirin gina sabon layin sufuri mai tsawon kimanin kilomita 3.5, wanda zai taso daga yankin tashar jiragen ruwan ya haɗu da tashar jirgin ƙasa ta Kai Tak.